Ojent Ne Ko Gaisuwa?

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Tun da Agusta ta kama, rana ba ta yi wuni guda cikakke a Kafanchan ba, zanin da na shanya farkon mako har yau warin damshi yake yi. Ranar Lahadi bayan sujada ina magana da 'yata Rifkatu a waya, hotonta yana tsayawa yana tafiya, can ya daskare gaba ɗaya da bakinta a buɗe, amma muryarta ba ta yanke ba. Aikinta ke nan a Sabon Tasha da ke Kaduna, haɗa wa ofisoshi kwamfutoci su riƙa magana da juna. Na ce mata wannan wane irin shirme ne, ina jin ki ba na ganin ki?

"Mama, hanya ce ta cushe," in ji ta. "Akwai wani akwati da muke kira suwic, duk saƙon da zai wuce sai ya bi ta cikinsa, kuma kowane saƙo da tambarinsa a goshi. In hanya ta yi kaɗan sai ya fara sakin murya, hoto ya jira. In masu jira suka cika wurin, na ƙarshe zubar da su yake yi, sai dai a sake aikowa."

"Wa ke buga tambarin?"

"Wanda ya aiko mana, ko na'urar da ke bakin ƙofa."

"In wanda ya aiko mai kunya ne fa?"

Ta yi dariya, ta ce na'ura ina ta san kunya. Ni ban yi dariyar ba, don kafin in haife ta ni ce akwatin nan, kuma a irin wannan ruwan na yi aikin.

A daminar da ta biyo bayan shekarar da garinmu ya ga tashin hankali, ina budurwa, ina aikin haɗa waya a ofishin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Aikin zama ne gaban wani allo mai ramuka da ƙananan fitilu, da abin saurare a kunne. Fitila ta kama, in ɗauki wata waya mai kan ƙarfe in cusa a ramin mai kira, in cusa ɗaya kan a ramin wanda ake nema. Wayar nan igiya muke ce mata. Masu waya a gida ba su da yawa a lokacin, saboda haka yawancin mutane zuwa suke yi kanta, su faɗi lamba, su zauna a benci har a kira su cikin ɗan ɗakin katako. Ni ina ciki bayan bango, ba na ganin fuskar kowa, 'yar takarda kawai ake turo mini ta taga.

A farkon Yuli tsawa ta faɗa kan turakun wayar da ke hanyar Kaduna. Layukan da muke da su zuwa can duk suka mutu, saura guda. Masu gyara suka ce kayan sai an kawo daga nesa, kuma motarsu ba mai. Haka garin nan gaba ɗayansa, da ƙauyuka har Manchok da Madakiya, ya koma yana numfashi ta rami ɗaya a allona.

Shugabanmu, Oga Bitrus, ya tsara yadda za a yi. Takarda mai jan layi ta asibiti ce da 'yan sanda da jirgin ƙasa da manyan ofisoshin gwamnati, ita muke kira ojent, wato gaggawa, da ta iso ita ce gaba. Mai shuɗin layi ta 'yan kasuwa ce. Fara kuwa ta sauran jama'a, wadda muke kira gaisuwa. Kowa minti uku, in ya cika in zare igiya ko da mutum yana tsakiyar kalma. In lokacin tashi ya yi, duk farar da ba ta samu shiga ba sai a yage ta, gobe mai ita ya sake bin layi daga farko. Tsarin ba mugu ba ne, ban taɓa cewa mugu ne ba. Amma farar takarda takan matso har gaban hannuna, ina shirin ɗauka sai ja ta faɗo ta taga, bayanta wata ja, fara ta koma ƙasa. Kuma mai abin saurare a kunne ba abin da ba ya ji. Na haɗa jan layi don wani babba ya tambayi matarsa ko tela ya gama ɗinkin biki. Na haɗa jan layi don a tambayi farashin taya. Raina yana ɓaci, hannuna yana aikinsa.

Ga yunwa kuma. Wanda bai yi Agusta a ƙauyenmu a shekarun nan ba bai san yadda rumbu ke amsa kuwwa ba. Dawar bara ta ƙare, acca ba ta nuna ba, masara tana goyo amma ƙwayar ruwa ce zalla. Kayan kanti sun tashi sama sun bar mu a ƙasa. Kananzir ya ɓace, itace a jiƙe, mahaifiyata takan durƙusa tana hura wuta har idanunta su yi ja kafin tukunyar gwate ta tafasa, gwaten ma yakuwa da gauta sun fi tsakin yawa. Ranar Asabar nakan hau keke in tafi gida kusa da Madakiya, jar laka tana kama taya, in tarar an yi gayyar cirar ciyawa a gonar citta. Mu sunkuya tun safe ruwa yana dukan bayanmu, ba mai tashi, don in ka bar ciyawar Agusta mako ɗaya ta ci gonar. Da yamma a zauna a raba abin da ya samu, yara a fara ba su, manya su ce sun ƙoshi.

Abin da ya riƙe mu a irin waɗannan watanni nonon Inna Shatu ne. Rugarsu tana bayan gonarmu tun zamanin kakana. Da rani shanun mijinta, Baffa Haro, su ci karan gonarmu su bar mana taki, da damina ita kuma ta biyo da ƙwarya ta zuba wa mahaifiyata, ba ta tambayar komai sai kaka ta yi. Tare muka tashi da ɗanta na fari, Buba, wanda daga baya ya samu aiki a masaƙa a Kaduna. Ban taɓa jin Baffa ko Inna sun kira sunansa ba, don Bafulatani ba ya faɗin sunan ɗan fari. Sai dai su ce yaron nan, ko na wajenmu. A bakinsu kuma na fara jin ana ce wa maciji igiya. Ina ƙarama na taɓa cewa maciji a gaban Inna ta rufe mini baki da tafin hannunta mai ƙanshin man shanu, ta ce ba a kiransa, musamman in ya taɓa mutum, don dafin yana jin sunansa ya farka. Bayan tashin hankalin garin, mutane da yawa sun janye jiki daga juna, amma ƙwaryar Inna ba ta fasa zuwa gidanmu ba.

Wata ranar aiki da tsakar rana abokiyar aikina ta karɓe ni don in ci abinci. Na fito ta gaba da dafaffen rogona a leda. Ɗakin jira ya cika maƙil, warin jiƙaƙƙun tufafi da laima ko'ina, kwano yana ta ƙara a sama. A can ƙarshen benci na hango malafa da sanda. Baffa Haro ne, rigarsa ta jiƙe har gwiwa, kuma duk da cunkoson an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aiki da ruwa da gonar citta. Na tambayi shanu, ya ce sun gode Allah. Na tambayi Inna.

"Tana nan," in ji shi. Ya dubi sandarsa. "Igiya ce ta ɗan taɓa ta a gonar masara."

Rogon ya faɗi daga hannuna.

"Baffa, yaushe?"

"An ɗan kwana biyu. Malamin asibitin ƙauye ya ce allurar dafin babu a nan kusa, sai Kaduna. Na ce bari in gaya wa yaron nan."

"Ƙafar ta kumbura?"

"Ta ɗan tashi."

"Jini fa?"

Ya taɓa bakinsa da yatsa. Na gane. Kububuwa ce, wadda ba ta kashewa da sauri, sai dai ta bar mutum yana tsiyaya a hankali ta dasashi da duk inda tsohon ciwo yake. Na tambaye shi tun yaushe yake zuwa nan, ya ce tun shekaranjiya. Kullum da yamma a ce a dawo gobe, ya taka zuwa ruga, da safe ya sake takowa. Ya so ya tafi Kadunan da kansa, amma motoci suna layin mai, ruwa yana neman haye gada a hanya, kuma bai san gidan ba, lambar wani mai kemis da ke maƙwabtaka da ɗakin Buba kawai yake da ita.

Na nufi kanta kamar zan ci mutum. Sunday ne a wurin, magidanci mai 'ya'ya, haifaffen barikin jirgi, Hausarsa ta kasuwa ce.

"Sunday, wace takarda ka ba tsohon can?"

"Fari mana. Na tambaye shi, Baba, kira naka ojent ne ko gaisuwa ne? Ya ce gaisuwa ne, da maganan igiya. Igiyan shanu kuma ojent ne, Saratu? Ga mutane nan kowa yana ihu nasa ojent."

"Maciji ne ya sari matarsa!"

Sunday ya dafe kai da hannu biyu. "Yesu! To me ya sa bai faɗa ba? Kullum yana zaune shiru, har ruwa na ba shi jiya."

Sunday ya yi tambayar da aka ce ya yi, an ba shi amsa. Shi kuma Baffa a ganinsa ya faɗi komai. Wane dattijo ne zai tsaya gaban kanta cikin baƙi ya ɗaga murya ya ce nasa ya fi na kowa?

Na ɗauki jan biro na shiga wurin Oga Bitrus. Ya saurare ni har ƙarshe, yana murza goshi.

"Ja na ofis ne, Saratu, ba na mutum ba. In na buɗe wannan ƙofa, gobe duk wanda ya zo maciji ya sari uwarsa. Kin san mutanenmu. Kuma yanzu haka 'yan sanda suna jira, an ce akwai jita-jita a kasuwa. Kin manta bara?"

"Ban manta ba, Oga. Amma bayan na 'yan sanda wa ke biye? Ba mai tela ba ne?"

Ya harare ni, don ba a yarda mu nuna mun ji abin da ake faɗa a layi ba. Sannan ya juya baya yana duban taga.

"Bayan 'yan sanda. Minti uku. Ni ban ga komai ba."

Na koma kujerata ba tare da na ci komai ba. Da 'yan sanda suka gama, na cusa igiya na nemi Kaduna, Kaduna ta ba ni Sabon Tasha, Sunday ya kama hannun Baffa ya shigar da shi ɗakin katako. Mai kemis ya ɗauka.

"Wa ake nema?"

"Salamu alaikum. Yaron nan nake nema, na wajenmu."

"Wane yaro? Baba, yara sun yi yawa a nan. Sunansa?"

Baffa ba zai kira sunan ɗan fari ba. Ina jin numfashin Baffa a kunnena. Doka ta hana mai haɗa waya sa baki cikin maganar mutane, amma na danna maɓallina.

"Buba, Bafulatani, mai aiki a masaƙa, ɗakinsa yana bayan shagonka. Don Allah a taso shi, maganar rai ce."

"Ya yi aikin kwana, yana barci. Ku sake kira an jima."

"Ba an jima. Zan riƙe layin."

Ya ajiye kan wayar a kan tebur ya tafi. A ƙa'ida nan ya kamata in zare igiya, a sake rubuta wata takarda. Ban zare ba. Layi ɗaya tak da garin ke da shi, na riƙe shi a buɗe ba mai magana a kai. Ina jin ruwan Sabon Tasha yana dukan kwanon shagon, da rediyo can ƙasa-ƙasa, da wata mata tana tambayar maganin tari. A gabana fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya har allon ya yi kamar garwashi. Takardu suna faɗowa ta taga, ja a kan ja. Wayar teburin Oga ta yi ƙara, na ji yana cewa, "Yes sa, layin ne yana ba mu wahala, sa." Ya zo ya tsaya a bayana. Agogon hannunsa kawai ya miƙo gefen fuskata.

Sai ga muryar Buba, da barci a cikinta. Baffa ya juya harshe zuwa Fulatanci, wanda nake tsintar kaɗan daga ciki. Ya tambaye shi lafiya. Ya tambayi aiki. Ya tambayi ruwa a can, ya tambayi mutanen da yake zaune da su. Buba yana amsawa, shi ma yana tambayar shanu. Na san inda za a je, sai an bi ta kowa da komai kafin a iso kan Inna, in an iso ma a ce ta ɗan ji jiki. Hannun Oga ya sauka a kan igiyar.

Na danna maɓalli.

"Buba, Saratu ce. Maciji ya sari Inna. Kububuwa. Jini yana fita a bakinta. Ka sa mai kemis ya nemo maka allurar yau, ka taho yau, ko a kan me."

Na ji Buba ya yi salati. Daga ɗakin katako kuma na ji an ce "Subhanallahi" a hankali, sai ƙarar kan waya da aka ajiye a kan katako. Buba yana cewa to, to, ga shi nan, Oga ya zare igiyar ya cusa ta babban ofis.

Na leƙa ta taga. Baffa ya fito, ya ɗauki sandarsa, ya gyara malafa. Na kira shi. Ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗiyata," amma bai dube ni ba. Sau biyu na kira sunan abin cikin kunnensa, na ce maciji, na ce kububuwa. Ya fita cikin ruwan nan ba laima.

Sauran makon ban samu labari ba. Ba wanda ya zo daga ƙauye, ni kuma ba halin barin aiki sai Asabar. Ruwa bai tsaya ba. Ina haɗa kira ina zarewa, duk farar takardar da ta zo hannuna sai in tsaya ina dubanta, ina tunanin me ke ƙarƙashin wannan gaisuwar. Na roƙi Sunday ya daina tambayar ojent ko gaisuwa, ya riƙa cewa lafiya dai a gida, ya kuma jira amsa ta biyu. Ya yi hakan na ɗan lokaci, layin kanta ya ƙara tsawo, mutane suka yi ta zaginsa. Shi kuwa Oga Bitrus an kira shi ofishin babban da ya buga masa waya ran nan ya sha faɗa, bai taɓa gaya mini abin da aka ce masa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Juma'a da hantsi Sunday ya ƙwanƙwasa tagata. "Tsohon ki ya dawo."

Na bar allon na fito da jan biro a hannu, ko izini ban nema ba. Baffa yana tsaye gaban kanta, ya rame, gefen rigarsa duk laka. Na durƙusa. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aiki da ruwa, ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. Na amsa.

"Buba ya iso, Baffa?"

"Ya iso. Sun kwana a bakin gada, da safe suka haye. Ya zo da allurar."

"An yi mata?"

"Yana can gida," in ji shi. Ya miƙa wa Sunday wata lamba. "Akwai ƙaninta a Kaduna, shi nake so a nema mini."

Na fizge takardar na cire murfin biron. "Yanzu za ka shiga. Ko gwamna ne a layi zan zare shi."

Ya ɗaga hannu ya tare ni, a karon nan ya dube ni sosai.

"Bari, ɗiyata. Ba wa masu sauri. Wannan karon gaisuwa ce da gaske."

A wajenmu in an ce an tafi gaisuwa gidan wani, kowa ya san rasuwa aka yi a gidan. Biron ya tsaya a hannuna. Sunday ya cire hularsa.

Na yi karatu, na san kiran suna ba ya tayar da dafi, malaman asibiti da yawa sun tabbatar mini. Na kuma san da an ba shi ja tun ranar farko da allurar ta riga gadar cika. Duk na san wannan. Amma Baffa bai taɓa ce mini komai a kan kalmar da na furta ba, har ya bar duniya, kuma shirun nan ya fi mini zafi fiye da a ce ya yi faɗa. A kakar shekarar mahaifiyata ta auna accar Inna kamar kullum ta kai ruga, ba wanda zai karɓa sai Buba.

Ran nan dai Baffa ya karɓi farar takardarsa, ya koma can ƙarshen benci ya zauna, ya jingine sandarsa. Na koma ciki na sa abin saurare a kunne. Takardarsa ta matso kusa da hannuna, ja ta faɗo ta taga, na ɗauki jan na haɗa. Har aka tashi aiki layi bai kai kansa ba.